Sitiroberin Ingila da Abin da Na Koyo a Kicin ɗin Wata Tsohuwa

Jegon ƙanwata ne ya kai ni Ingila. Tana aikin jinya a garin Slough, yamma da Landan, kuma da haihuwarta ta uku ta matso sai dangi suka ce ni ce zan je in zauna mata, tunda Hajiyarmu ƙafa ta hana ta doguwar tafiya. Na sauka a filin jirgin Heathrow a farkon watan Yuni. Abin da ya fara rikita min lissafi shi ne rana. Ƙarfe tara na dare ya wuce amma gari da haske tar, sai wajen tara da minti ashirin ake shan ruwa idan mutum yana azumin nafila, kuma kafin biyar na safe rana ta riga ta fito. Wannan lokacin shi ne bazararsu. Sai dai ba irin bazararmu ba ce mai gumi da ƙishirwa. Tasu ɗumi ne mai daɗi, gajere, wanda suke jira tun cikin duhun hunturu, kuma idan ya zo za ka ga kowa ya fito waje kamar an yi musu bushara.

Ranar suna, bayan 'yan uwanmu Hausawa da ke zaune a yankin sun watse, sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Maƙwabciyar ƙanwata ce, wata Baturiya da ta haura saba'in, mijinta ya rasu, ta yi shekaru tana dafa wa yara abinci a wata makarantar firamare kafin ta yi ritaya. Tana riƙe da babban kwanon gilashi da aka rufe da tsumma mai tsabta. Da ta buɗe sai na ga wani abu fari da ja, a cakuɗe, ba siffa ba tsari. Na kalli ƙanwata. Ta gane tambayar da ke idona.

"Yaya, ci kawai," in ji ta. "Ta san mu. Ba ta sa giya a abin da za ta kawo gidan nan."

Cokalin farko ya tsayar da ni. Sanyi ne ya fara zuwa, sai tsamin 'ya'yan itace mai ɗan kaifi, sai maiƙon madara ya kwantar da shi, sannan wani abu ya fashe ƙurus a tsakanin haƙorana ya narke nan take ya bar zaƙi. Abu uku ne kawai a ciki, amma kowanne yana zuwa a lokacinsa. Na tambaye ta sunansa, ta ce Eton mess. Ta ƙara da cewa garin da ya ba shi suna ba shi da nisa, idan ina so ta kai ni in gani, daga nan kuma ta koya min yadda ake yi. Ban bari ta rufe baki ba na amsa.

Sai da mai jego ta warware, muka yi mako biyu, sannan muka sa ranar Juma'a da safe. Mu uku ne: ni, tsohuwar, da babbar 'yar ƙanwata mai shekara tara, wadda ta zame min tafinta duk lokacin da Turancin tsohuwar ya yi min sauri. Daga tashar Slough akwai ɗan gajeren jirgin ƙasa da ke kai mutum Windsor cikin minti shida. Kana fitowa daga tasha fadar ce a gabanka, a kan tudu, da katangar dutse mai launin toka. Sarki William wanda ya ci Ingila da yaƙi a 1066 shi ne ya fara gina ta, kuma har yau gidan sarauta ne. A cocin da ke cikinta aka binne Sarauniya Elizabeth a watan Satumba na 2022. Na ɗan tsaya a bakin katangar ina tuna kakarmu, wadda har ta rasu tana ba mu labarin hawan dabar da aka yi wa wannan sarauniyar a Kaduna a 1956. Ba mu shiga ba, layin ya yi tsawo, kuma ba ita ce ta kawo mu ba.

Muka gangara bakin kogin Thames. Akwai wasu manyan tsuntsaye farare masu dogon wuya, dangin agwagwa, da suka cika ruwan, yara na jefa musu abinci. Tsohuwar ta ce bisa tsohuwar al'ada duk wanda ba shi da alamar mai shi na sarki ne, kuma kowane watan Yuli ana bin kogin da kwalekwale ana ƙirga su. Gadar da ta haɗa Windsor da Eton ƙarama ce, tun 1970 aka hana mota bi ta kanta, sai masu tafiya a ƙasa da masu keke. Kana ƙetarewa hayaniyar 'yan yawon buɗe ido ta ragu. Titi ɗaya ne dogo, da tsofaffin gidajen jan bulo, da shagunan littattafai da na teloli, shi ne ya kai mu har ƙofar makarantar.

Sarki Henry na Shida ne ya kafa makarantar Eton a 1440, kuma abin da ya fi taɓa ni a tarihinta shi ne cewa don yara saba'in marasa galihu aka kafa ta, su yi karatu kyauta. Yau ta zama makarantar 'ya'yan masu hannu da shuni. Firayim ministocin Birtaniya ashirin ne suka fito daga cikinta, har da David Cameron da Boris Johnson, kuma Yarima William da ƙanensa Harry duk a nan suka yi karatu. Mun ga ɗaliban suna wucewa tsakanin ajujuwa cikin baƙar kwat mai jela a baya, samari 'yan shekara 13 zuwa 18, kowa da littattafai a hammata. A matsayina na malama na daɗe ina kallonsu. Yara ne kamar namu, suna ture juna suna dariya. Bambancin kawai ƙofofin da aka buɗe musu tun kafin su san darajarsu.

A kan wani benci da ke kallon filayen wasansu tsohuwar ta ba ni tarihin abincin. An fara ganin sunansa a rubuce a 1893. Ana danganta shi da wasan kurket da ake yi kowace shekara tsakanin Eton da makarantar Harrow, wasan da ya faro tun 1805. A shekarun 1930 ana sayar da shi a shagon kayan maƙulashe na makarantar, kuma a lokacin sitiroberi ne ko ayaba da kirim, wato maiƙon madara, ɗan ƙurus ɗin nan daga baya ya shigo. Ta ce akwai labarin da ake yawan bayarwa, wai kare ne ya zauna a kan kwandon abincin wasu 'yan kallo ya murƙushe kayan zaƙin da ke ciki, suka ci a haka suka ji ya fi daɗi. Ta girgiza kai ta ce wannan tatsuniya ce kawai. Kalmar mess kuwa a Turancin yau tana nufin abin da ya hargitse, amma a tsohon Turanci tana nufin rabon abinci da aka zuba wa mutum. Nan take na tuna da mes ɗin hafsoshi a barikin soja, inda mijin yayarmu yake cin abinci. Ashe kalma ɗaya ce.

Mun koma gida da wuri don maigidan ƙanwata ya samu Juma'a, mu kuma da yamma muka shiga kicin ɗin tsohuwar. Ta ce aikin kwana biyu ne. Yau za a gasa ɗan ƙurus ɗin, wanda suke kira merang, gobe a tsinko sitiroberi a haɗa.

Merang ba komai ba ne illa farin ƙwai da sukari. Amma a wurinsa ne na ga tsohuwar ta zama malama ta gaske. Ta ɗauko kwanon ƙarfe, ta goge cikinsa da ɓarin lemun tsami, ta ce ko ɗigon maiƙo ya rage a jikinsa farin ƙwan ba zai tashi ba, shi ya sa ba ta amfani da roba, don roba tana riƙe mai ko an wanke ta. Ta ba ni ƙwai huɗu in raba fari da gwaiduwa. A na uku gwaiduwar ta fashe, ɗan kaɗan ya zuba cikin kwanon. Na ɗauka cokali zai kwashe shi. Ta ce a'a, gwaiduwa ita ma mai ce, wannan sai dai a soya shi gobe da safe. Muka sake sabon lale, wannan karon kowane ƙwai sai na fasa shi a ƙaramin kofi tukuna, idan ya fita tsaf sannan in juye shi cikin babban kwanon. Tun daga ranar ban sake raba ƙwai ta wata hanya ba.

Da na'urar kaɗawa ta lantarki muka yi, ko da yake ta nuna min maburgin waya da mahaifiyarta take amfani da shi a da, da hannu. Ruwan ƙwan ya fara kumfa, ya yi fari, ya kumbura har ya ninka kansa sau da yawa. Sai da ya kai idan an ɗaga maburgin tsininsa yana tsayawa, sannan ta fara zuba sukari, giram 200, wato giram 50 ga kowane ƙwai, mai laushi sosai. Cokali ɗaya, a kaɗa, a jira, sannan wani cokalin. Na ƙosa, na ce ba za a juye gaba ɗaya ba? Ta ce idan aka juye nauyin sukarin zai danne iskar da muka sha wahalar shigarwa, kuma wanda bai narke ba zai riƙa tsatsafo da ruwa a cikin oben. Da muka gama ta sa na murza kaɗan tsakanin yatsuna. Babu tsakuwa-tsakuwar sukari, sai santsi, yana ƙyalli kamar sabuwar shadda. Sai ta ɗaga kwanon ta kifa shi a saman kan yarinyar. Ko ɗigo bai faɗo ba. Yarinyar ta yi ta ihun murna tana cewa, "Inna, kin gani? Inna, ke ma ki gwada!"

Muka ɗiɗɗiba da cokali muka jera a kan faranti da aka shimfiɗa wa takardar gashi. Wuta ƙasa-ƙasa, digiri 110, awa ɗaya da rabi. Ta ce merang ba gasa shi ake yi ba, busar da shi ake yi. Da lokaci ya cika ta kashe oben ɗin ta bar su a ciki har safe, ba ta ko buɗe ƙofar ba. Ta kuma faɗi wata magana da ban ba ta muhimmanci ba a lokacin: ba ta taɓa yin merang ranar da ake ruwa, domin sukari yana jan laimar iska, sai ya yi danƙo maimakon ƙurus.

Washegari Asabar maigidan ƙanwata ya ɗauke mu a mota zuwa wata gona a wajen gari, irin wadda ake barin mutane su shiga su tsinka da hannunsu a auna musu a bakin ƙofa. An ba kowa ɗan kwando. Kunya-kunya ne dogaye, tsiron bai wuce tsawon na gyaɗa ba, an shimfiɗa tattaka a ƙarƙashinsa don kada 'ya'yan su taɓa ƙasa su ruɓe. A wani ɓangaren kuma an ɗora shukar a kan dogayen tebura cikin rumfar leda, yadda mutum zai tsinka a tsaye. Tsohuwar ta zaɓi na ƙasa duk da gwiwarta, ta ce waɗanda rana ta buga kai tsaye sun fi ƙamshi.

Ƙamshin nan shi ne abin da na kasa mantawa. Na sha cin sitiroberi a gida, na kanti wanda ya yi doguwar tafiya a firij, kuma kullum ina ganin kyan ido ne kawai da tsami. A gonar nan tun kafin ka sunkuya ƙamshin ya iso hancinka. Ta koya min in ɗaga ganyen in duba ƙarƙashi, in bar duk wanda kafaɗarsa take da fari ko kore. Dalili kuwa, sitiroberi ba kamar mangwaro ko ayaba ba ne da za a tsinka ɗanye a rufe ya nuna. Ranar da aka raba shi da uwarsa zaƙinsa ya tsaya a nan. Kuma a tsinke shi da ɗan ƙaramin karansa, kada a ja shi a jiki, don yatsa yana yi masa tabo. Ƙananan sun fi manyan ɗanɗano. Mun ƙara da kwando ɗaya na rasberi, wani ɗan'uwansa mai laushi da tsami, wanda idan ka ja shi yake zarewa ya bar rami a tsakiya kamar 'yar hula.

Gonar cike take da iyalai, Turawa da 'yan Fakistan da 'yan Indiya da baƙaƙen fata irinmu, yara bakinsu duk ya yi ja. Na tambayi tsohuwar me ya sa mutane za su ƙona mai su zo su durƙusa a gona alhali ga shi a kanti. Ta ce lokacin na waje bai wuce 'yan makonni ba, Yuni da Yuli, kuma ita tun tana yarinya ba ta yarda bazara ta zo ba sai ta ci na farko. Ta ambaci gasar tanis ta Wimbledon da za a fara a ƙarshen watan, inda cin sitiroberi da kirim ya zama al'ada, ana kawo shi daga gonakin Kent. Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce da mijinta suke zuwa wannan gonar kowace shekara, kuma tun da ya rasu sai yau ta sake taka ta. Na riƙe hannunta muka ƙarasa kunyar tare.

Haɗawar ba ta ɗaukar dogon lokaci, amma ita ma da ƙa'idarta. An wanke sitiroberin da hularsa a kai, don idan aka cire ta tukuna ruwa zai shiga cikinsa ya salamce. Giram 600 muka auna. Kashi ɗaya cikin uku ta murƙushe da cokali mai yatsu tare da rasberi kaɗan, cokali ɗaya na sukari da 'yan ɗigon lemun tsami. Sauran muka yanka gida huɗu-huɗu, ta barbaɗa masa sukari ɗan kaɗan ta ajiye rabin awa, sukarin ya jawo ruwan jikinsa ya zama jan romo a ƙasan kwano. Ta ce wasu suna zuba barasa a wannan matakin, kuma ruwan banila na kwalba ma galibi da giya ake jiƙa shi, don haka idan ina son ƙamshinsa in nemi sandar banilar in kankare 'ya'yan cikinta. Mu ba mu sa komai ba.

Kirim ɗin nasu shi ne maiƙon da ke tasowa a saman madara, kuma suna sayar da shi hawa-hawa. Akwai mai ruwa-ruwa wanda mansa kashi 18 ne cikin ɗari, wannan ba ya kaɗuwa. Wanda ta saya mai kauri ne, kashi 48. Mililita 400, daga firij kai tsaye, kwanon ma sai da ta sanyaya shi. Ta miƙo min maburgin hannu ta ce da shi za a yi, don na'ura tana wuce gona da iri cikin ƙiftawar ido. A nan ban buƙaci bayani ba. Na tashi ina ganin matan Fulani suna kaɗa nono a gora har mai ya rabu da ruwa, na san inda abin yake dosa idan ba a tsaya ba. Da na ga ya fara riƙe sawun maburgin, tsininsa yana tashi yana lanƙwashewa, sai na dakata. Ta leƙa ta gyaɗa kai. Ba a sa masa sukari ba ko kaɗan, zaƙin merang ya isa.

Ta fito da merang ɗin daga gwangwanin da ta rufe su tun safe. Sun yi fari mai ɗan ruwan madara, ba nauyi ko kaɗan, idan ka ƙwanƙwasa ƙasansu sai ka ji amo. Yarinyar aka ba aikin farfasa su da hannu, manya da ƙanana, ba a mai da su gari ba. Sannan tsohuwar ta sa aka kira kowa ya zauna a lambun bayan gida tukuna, har mai jego da jaririnta. Ta ce wannan abinci mutane ne suke jiran sa, shi ba ya jiran kowa, domin daga lokacin da merang ya taɓa kirim ya fara jiƙewa, bayan awa ɗaya ƙurus ɗin ya tafi. Sai da kowa ya riƙe cokalinsa sannan ta juye komai cikin kwano ɗaya, ta juya sau uku ko huɗu kawai, yadda jan zai yi zane a cikin farin ba tare da ya rine shi duka ba. Ta zuba a kofunan gilashi, ta ɗora 'yan yankakku a sama.

Ƙarfe takwas na yamma ne, rana tana nan a kan katanga, jiragen Heathrow suna wucewa ɗaya bayan ɗaya a samanmu. Mai jego ta cinye nata ta miƙa kofi a ƙara mata. Maigidanta, wanda ba ya son zaƙi, shi ne ya kankare kwanon.

Na dawo Kano a ƙarshen Yuli, cikin tsakiyar damina. Na gwada merang sau ɗaya a watan Agusta ya fito da danƙo yana manne wa yatsa, sai maganar tsohuwar game da ranar ruwa ta dawo min. Na haƙura na jira. Da iskar hunturu ta kaɗa, leɓe ya fara tsagewa, sai na lura da abu biyu sun haɗu: iska ta bushe ƙayau, kuma lokacin ne sitiroberin da ake nomawa a kan tsaunin Jos yake shigowa kasuwa. Abin da yake na bazara a wurinsu, a wurinmu na hunturu ne. Wata abokiyar aikina da ta je Jos a watan Janairu ta taho min da roba biyu, an tsinke su da safe sun iso da dare. Kirim na kwali na samu a kanti, na sa shi a kula da ƙanƙara saboda wuta ba ta da tabbas. Merang ɗin ya bushe har yana ƙara idan an taɓa shi.

Na kai wa Hajiya kofin farko a ɗakinta. Ta ɗanɗana, ta tauna a hankali, ta tambaye ni wane ne ya koya min. Na ba ta labarin tsohuwar, da gonar, da mijinta da ya rasu. Ta ce in kira ƙanwata a waya, ta shiga maƙwabta ta gaishe mata da ita, ta kuma faɗa mata cewa duk wanda zai tafi nan gaba za a ba shi dakakken yaji da zuma ya kai mata.